Pillars na tafe Adamasingba: abin da ya kamata mutanen Sabo su sani kafin wasan Shooting

Kano Pillars na tafe Badun domin wasan zagaye na biyu da Shooting Stars a gasar Firimiyar Najeriya, kuma filin da za a kara, wato Lekan Salami da ke Adamasingba, ba sai an yi wa ɗan Sabo kwatancensa ba. Daga layin 'yan canji zuwa ƙofar filin tafiyar ƙafa ce. Sau ɗaya tak a kaka Sai Masu Gida ke zuwa mana har ƙofar gida haka, shi ya sa tun daga Sabo da Ojoo da Bodija da Shasha, har zuwa Shagamu da Agege da Mile 12, maganar da ake yi a teburin mai shayi ke nan: wa zai je, a wace mota, kuma yaya wasan zai kaya?

Sai dai na bana ba kamar na kullum ba ne. Duk mai bin gasar ya san abin da ya faru a zagayen farko a Kano, a watan Oktoban 2025. Pillars ta ci ƙwallo tun farkon wasa, ta riƙe ta har aka cika minti casa'in, sai Shooting ta farke a mintunan da alƙalin wasa ya ƙara. Aka tashi 1-1. Ana busa tashi wasu 'yan kallo suka tsallako cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan Shooting, aka ji wa mutane rauni. Bidiyon ya zaga ko'ina, kuma mutanen Badun sun gani kamar yadda muka gani. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku da ƙwallo uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, ta rufe filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, ta mayar da wasannin gida na ƙungiyar Katsina. Ahmed Musa, wanda shi ne babban manajan ƙungiyar, ya fito ya ba da haƙuri.

To wannan ne zuwan Pillars Badun na farko tun bayan wancan al'amari. Don haka wasa biyu ne za a yi a rana ɗaya. Akwai na cikin fili, wanda 'yan wasa goma sha ɗaya za su buga mana. Akwai kuma na kan kujerun kallo, wanda mu ne za mu buga shi da kanmu.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne ke nuna girman abin da aka yi asara. Ƙungiya 20 ce a gasar, kowacce tana buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Ta ɗaya da ta biyu su tafi gasar zakarun Afirka, ta uku ta tafi Kofin Confederation, huɗun ƙarshe kuma su gangara gasar 'yan dagaji. A Firimiyar Ingila da muke kallo a gidajen kallo, babbar ƙungiya kan je gidan ƙarama ta kwashi maki uku ta dawo, ba wanda zai yi mamaki. A tamu gasar ba haka abin yake ba. Kusan kowa sarki ne a gidansa. Ƙungiya na iya ƙare kaka guda da nasarar waje ɗaya ko biyu, kuma ta zauna lafiya a tsakiyar teburi, saboda tana cinye na gida. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin mai neman tikitin Afirka da mai gudun faɗuwa ba ta cika yawa ba.

Yanzu sai ka duba abin da ranar nan ɗaya ta jawo wa Pillars. Maki biyu sun zube a cikin fili da aka farke ƙwallon. Maki uku sun tafi a ofishin hukuma. Biyar ke nan. Sannan aka ɗauke mata abin da ta fi ƙarfi da shi, wato Ƙofar Mata cike da jama'a. Katsina ba nisa, kuma ba baƙon wuri ba ne, amma wasan gida a garin wasu ai rabin wasan waje ne. Ƙungiyar da aka yi wa haka ba ta da wata hanya sai ta je gidajen mutane ta ƙwato abin da ta zubar a nata. Maki ɗaya a Adamasingba a irin wannan kakar ya fi ƙarfin a raina shi.

Abin takaicin shi ne ba yau aka fara ba. A 2022 ma rikici ya tashi a Kano a wasan Pillars da Katsina United, aka ci tara, aka kori ƙungiyar zuwa Abuja, aka kuma rage mata maki a kakar. Da aka zo ƙarshe, Pillars ta faɗi, ita da Katsina United ɗin da Heartland da MFM. Sai da ta yi kaka guda a ƙasa kafin ta dawo a 2023. Masu jifa da tsallake shinge suna cewa kishin ƙungiya ne ke sa su. Ni dai ban ga kishin da ya taɓa ƙara wa Pillars maki ko ɗaya ba, amma wanda ya rage mata kowa ya gani sau biyu cikin shekara huɗu.

Matasa da yawa a cikinmu sun taso sun tarar da Shooting tana hawa tana sauka, sai suke ɗaukarta ƙaramar ƙungiya. Ku tambayi dattawan Sabo da suka yi zamani da IICC, sunan da aka san ta da shi a da. Ita ce ƙungiyar Najeriya ta farko da ta ɗauko kofin nahiyar Afirka, a 1976, lokacin da ta doke Tonnerre ta Yawunde a wasan ƙarshe na Kofin Masu Kofuna. A 1992 ta sake ɗauko Kofin CAF, a shekarar da aka ƙirƙiro shi. Sau biyu tana kaiwa wasan ƙarshe na zakarun Afirka, a 1984 da 1996, duka biyun Zamalek ta Masar ce ta tare mata hanya. A gida ta ci gasar sau biyar: 1976, 1980, 1983, 1995 da 1998. Nan Segun Odegbami ya yi suna, nan Muda Lawal ya yi. Kuma ga wani abu da ya kamata ɗan Arewa ya riƙe: Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya a 1994, haifaffen Kaduna ne, a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara, daga nan ya zo Shooting. A Badun ya zauna bayan ya ajiye takalmi har Allah ya yi masa rasuwa a 2012. Wato hanyar Arewa zuwa Badun da iyayenmu suka biyo da shanu suka koma da goro, ƙwallo ma ta biyo ta.

Gaskiya ne tun 1998 Shooting ba ta sake ɗaga kofin gasar ba, ta kuma faɗi fiye da sau ɗaya, na baya-bayan nan a 2017, sai 2021 ta dawo. A shekarar ce kuma gwamnatin Seyi Makinde ta sake buɗe filin Adamasingba bayan gyara. Tun daga lokacin jama'ar gari suka dawo kallo. Filin ba wani babba ba ne, kusan mutum 10,000 yake ɗauka, a tsohon filin sukuwar Badun aka gina shi, amma in ya cika da shuɗin riguna da ganguna, baƙo yana jin sa a jikinsa. Mutanen da suka shekara ashirin da wani abu suna jiran kofi, ga tarihi irin wannan a bayansu, ba sa zuwa fili da wasa.

Ita kuwa Pillars ƙanwa ce a shekaru. A 1990 aka kafa ta, amma abin da ta yi cikin ɗan lokaci ba kaɗan ba ne. Ta ci gasar a 2008, sannan ta jera uku a 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tsayar da ita. A 2019 ta ɗauki Kofin Aiteo a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Sannan akwai tarihin da ya sa sunan Masu Gida ya zauna daram: daga 2003 zuwa 2015 ba a doke ta a gida a gasar ba, wasa sama da 200, sai da Nasarawa United ta zo ta karya.

Amma wannan tarihin duk na gida ne, kuma a nan matsalar take. Me ya sa wasan waje ke da wuya haka a ƙasar nan? Na farko hanya. Daga Kano zuwa Badun kusan kilomita dubu ne, kuma yawancin ƙungiyoyinmu a mota suke tafiya. Duk wanda ya taɓa biyo tirelar tumatir ko ta shanu ta Mokwa da Jebba da Ilori ya san yadda jiki ke zama in an sauka. Ɗan wasa ya kwana biyu a kujerar bas, ƙafa ta kumbura, ya yi atisaye sau ɗaya a filin da bai saba da shi ba, washegari a ce ya yi gudun minti casa'in. Ga fargabar hanya. 'Yan Pillars ba za su manta watan Maris na 2015 ba, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a kan hanyar zuwa Owerri, suka harbi 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Mohammed. Na biyu yanayi: mutumin Kano ya saba da zafi busasshe, na Kudu kuwa mai gumi ne, yana cin ƙarfi a hankali, sai a rabin lokaci na biyu ake gane ya yi aiki. Na uku alƙalanci. Ba sai an ce an sayi kowa ba. Alƙalin da dubban mutane ke yi wa ihu a ka, kuma ya san ta cikinsu zai fita, in ƙwallo ta zo da shakka sau da yawa mai gida yake ba wa. Mu ma mun ci wannan moriyar a Kano shekara da shekaru, don haka kada mu yi kamar ba mu san zancen ba.

Duk da haka ana ci a waje. A Oktoban 2024 Pillars ta je Inugu ta doke Rangers da ci 4-3, alhali Rangers ce ke riƙe da kambu a lokacin. Don haka ba abin da ba zai yiwu ba ne.

Yaya za a yi a Adamasingba? A ganina wuri biyu ne wasan zai rataya. Na farko minti ashirin ɗin farko. Mai gida a gasar nan da ƙarfi yake fitowa, yana neman ƙwallon wuri don jama'a su tashi, baƙo ya rikice. In Pillars ta tsallake wannan lokacin ba a zura mata ba, za ku ji filin ya fara sanyi, 'yan kallon gida su fara yi wa nasu tsaki, 'yan wasan Shooting su fara dogon bugu na gaggawa. A nan ne dama ke fitowa. Pillars ba ta buƙatar riƙe ƙwallo fiye da mai gida. Abin da take buƙata shi ne tsakiya ta toshe, in an ƙwace a jefa wa masu gudu ta gefe.

In Ahmed Musa na cikin tawagar, wannan aikinsa ne tun yana yaro. Shi ne ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da rigar Pillars kafin ya tafi Turai, kuma babu wanda ya kai shi yawan buga wa Super Eagles wasa. Gudun ba kamar na da ba ne, shekaru sun ja, amma sanin inda za a tsaya da lokacin da za a tashi ba ya tsufa. Wani abin da ban saba gani ba shi ne mutum ɗaya ya zama manaja kuma ɗan wasa a lokaci guda, koci na ba shi umarni a fili shi kuma yana sa hannu a takardun ofis. Wasu na ganin hakan ya ɗaga darajar ƙungiyar, wasu na ganin nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne. Sai kuma Rabiu Ali, Pele, wanda ya haura shekara arba'in yana nan yana bugawa. Ba za ka sa shi ya bi yaro ɗan shekara ashirin da gudu ba, amma a ba shi bugun tazara a bakin da'ira ko fenariti, sai mai tsaron gida ya yi addu'a. A wasan waje, inda dama ba ta wuce biyu ko uku, irin wannan ƙafar ce ke kawo maki.

Wuri na biyu shi ne minti goman ƙarshe, har da abin da alƙali zai ƙara. Nan ne ciwon Pillars yake. A nan aka farke mata a Kano. Kuma wa zai manta wasan ƙarshe na Kofin Aiteo na 2018 a Asaba, da tana gaba da ci 3-0 Rangers ta farke duka ukun ta kuma ɗauke kofin a fenariti? In Pillars na gaba ko ana kunnen doki a minti na tamanin, abin da za ku sa wa ido shi ne ko 'yan baya za su koma su cushe a bakin raga suna ta bugun kawar da ƙwallo. In suka yi haka, kwana da bugun tazara za su yi ta zuwa, kuma ɗaya daga ciki zai shiga ko a busa fenariti. Gara a riƙe ƙwallo a gaba, a sa sabbin ƙafafu a tsakiya da wuri, a bar kwanciya a ƙasa don cin lokaci, tunda duk abin da aka ci alƙali zai mayar da shi, kuma a lokacin ne ƙafa ta riga ta mutu.

Yanzu sai namu wasan. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Motar Pillars za ta kama hanyar Arewa da daren ranar ko washegari da asuba. Mu kuwa muna nan. Da safe ɗan canji zai buɗe teburinsa a Sabo, mai nama zai hura wuta a Mokola, mai albasa zai sauke kaya a Bodija, ɗan acaɓa zai ɗauki fasinja Bayarabe, yaranmu za su tafi makaranta tare da nasu. Unguwar Sabo ta haura shekara ɗari a garin nan, tun 1916 aka ware ta, kuma abin da ya riƙe ta shi ne ciniki da zaman amana da masu gari. Wanda ya zo daga Kano don kallo kawai zai iya zagi ya hau mota. Ɗan Sabo ba shi da wannan damar.

Kuma mun san yadda ƙaramin abu ke girma. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021 daga cacar baki tsakanin mutum biyu ya faro. Kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, mutane sun kwashe iyali sun bar gari, sai da gwamnonin Arewa huɗu, har da na Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, suka zo Badun suka zauna da Gwamna Makinde. Ba ina cewa wasan ƙwallo zai kai can ba ne, Allah ya kiyaye. Amma a zamanin da bidiyon daƙiƙa talatin ke zaga WhatsApp da TikTok kafin a fito daga fili, ba a buƙatar abu mai yawa. Wani ya ɗauki hoton dambe tsakanin mutum biyu ya rubuta cewa Hausawa da Yarbawa ne ke faɗa a Adamasingba, shi ke nan an ba marasa aikin yi abin yi.

Za a tsokane mu, wannan kam a sa shi a rai tun daga gida. Za a tuna mana abin da aka yi wa 'yan wasansu a Kano, kuma a kan wannan ba mu da bakin magana, don an yi ba daidai ba. Wanda ya san zuciyarsa ba ta ɗaukar gori, wallahi gara ya zauna a unguwa ya bi sakamakon a waya. Wanda zai je, ya je da wuri. Yawanci ƙarfe huɗu na yamma ake take wasannin gasar, don haka a san yadda za a yi da La'asar tun kafin a shiga, kada a zo ana turereniya a ƙofa bayan an fara. A sayi tikiti, a bar neman shiga ta alfarma ko ta katanga. A zauna wuri ɗaya da sauran magoya bayan Pillars, inda jami'an tsaro suka nuna, a bar yaran da ba su kai ba a gida. Kada a shiga da wuƙa ko da ta sana'a ce, mahauta da masu suya ku ji wannan da kyau, don abin da kake ɗauka kayan aiki, a ƙofar fili sunansa makami. In Pillars ta ci, a yi murna a wurin zama, ba sai an je gaban mutane ana nuna musu yatsa ba. In an busa abin da ba mu so, a yi ihu a yi shiru, ba jifa da robar ruwa. In an tashi, a ɗan dakata jama'ar gari su ragu kafin a fito, kuma a bar zagaye Mokola da Dugbe a kan babura ana hon da tuta. Shugabannin matasa da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Sabo su ma da aiki a gabansu: su san su wa za su je, su sa manya a cikinsu, in da hali su gaisa da shugabannin magoya bayan Shooting tun kafin ranar. Yawancinsu ai an san juna, wasu ma sahu ɗaya ake bi a masallaci.

'Yan'uwa masu tasowa daga Legas, hanyar ba ta kai kilomita 150 ba, amma kun san halin fita daga Berger da yamma ko da safe. Akwai jirgin ƙasa da ke tsayawa a Agege ya sauke a Moniya, sai dai Moniya na bayan gari, sai an ƙara mota zuwa cikin Badun, kuma a duba lokacin jirgin komawa kafin a dogara da shi. Wanda wasan zai kai shi magariba gara ya nemi wurin kwana a Sabo da ya kama babbar hanya da dare.

Hasashena? Zuciya na cewa Pillars 1-0, ƙwallon Rabiu Ali daga bugun tazara. Amma in aka ce in sa hannu a kan 1-1 tun yanzu, zan sa ba tare da na yi dogon tunani ba, da sharaɗin a wannan karon mu ne za mu farke a minti na casa'in da huɗu.